KANON DA HANCINMU YA SANI

Masu rubuta tarihin Kano sun fi dogara da ido da kunne, wato abin da aka gani a rubuce da abin da aka ji daga bakin dattawa. Mu kuwa da muka yi ƙuruciya a unguwannin da ke maƙwabtaka da Bompai, irin su Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, muna da wata shaida ta uku wadda ba a cika kiranta gaban alƙali ba, ita ce hanci. Ko da an ɗaure wa yaron wancan zamani fuska aka zagaya da shi, zai iya faɗar inda yake da lokacin da ake ciki, don kuwa kowace kusurwa da irin abin da take busowa.

Bari mu fara da gyaɗa, domin ita ce uwa. Lokacin da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa auduga suke hange, wadda za ta ciyar da masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma idan ciniki ya ƙi ana iya cin ta, alhali ba a tuwo da auduga. Fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Da gyaɗar ta fi ƙarfin taragun jirgi sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran layi, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Yau ana buga hotonta a kalanda kamar wata alamar ado, amma a gaskiya alama ce ta cewa noma ya fi sufuri sauri.

Hoton ba ya nuna gafin ɗanyar gyaɗa da ya haɗu da warin buhun algarara, da zufar leburorin da ke hawa da buhu a ka, da kuma hamamin maganin ƙwari da ake yi wa dalar bayan an lulluɓe ta da tamfol. Wanda ya taɓa tsayawa a gindinta da tsakar rana bai manta ba.

Tun cikin shekarun 1940 Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, suka fara kafa injinan matse mai a Kano. Wannan shi ne ƙamshin da ya raine mu. Idan ana turara gyaɗa kafin a matse ta, unguwa gaba ɗaya takan zama kamar gidan mai ƙuli-ƙuli ranar suya, sai dai wannan suyar ba ta da Juma'a ba ta da Lahadi. Yaro ya fito makarantar allo da sassafe ciki ba komai, iska ta kaɗo masa wannan ƙamshi, to ranar karatu sai a hankali. Iyayenmu mata kan ce yunwar 'ya'yan Bompai daban take, domin hanci ya ƙoshi ciki bai sani ba.

A bayan gyaɗa sauran suka biyo. Akwai masu alawa da biskit, waɗanda ƙamshin narkakken sukarinsu kan sa mu canza hanyar aike. Akwai masu sabulu, da masu turare, da masu kwanukan langa da iyaye ke jera wa amare, da masu takalman roba waɗanda ƙaurinsu kan tsaya a maƙogwaro. Idan jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, sai titi ya cika da kekuna, kowane magidanci ɗauke da warin sana'arsa a riga. Mukan gane baban wane tun bai yi sallama ba. Wanda ke aikin masaƙa yakan dawo da burbushin auduga a gashin ido da warin sitaci, na wajen sabulu kuwa ko bai yi wanka ba sai ka rantse daga wanka ya fito.

To, sai kuma ɗaya gefen, wanda bai kamata mu ɓoye shi don son garinmu ba, wato jima.

Jima ba baƙuwa ba ce a Kano. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da gari mai rini da dukanci wanda tufafinsa da takalmansa ke ƙetare Sahara. Fatar jar akuyar ƙasar Hausa ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can take isa gare su. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa da kashin tattabara suke aiki, kuma ba wanda zai ce wurin yana ƙamshi. Haka karofin Ƙofar Mata, inda baba ke ruɓewa a rami da toka har ya yi tsami. Amma wannan wari ne mai iyaka, ka wuce unguwar ka rabu da shi. Da majemun zamani suka zo da gishiri da farar ƙasa da sinadaran cire gashi da na kurom, suna jeme dubban fatu a lokacin da majemi ke jeme goma, sai iyakar ta ɓace. Ruwan da suke saki mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai yakan bi rafin Getsi, wata rana shuɗi wata rana baƙi, ya je ya haɗu da Jakara. A bakin wannan ruwa muka yi wasa, kuma da shi masu lambu ke ba latas da kabeji ruwa, a kawo kasuwa mu saya. Da aka buɗe Sharaɗa da Challawa a kudancin gari, kogin Challawa ma ya karɓi nasa rabon.

Har iska tana da nata tsari a wannan lamari. Da hunturu takan taso daga arewa maso gabas ta kwashi na Bompai ta yi Sabon Gari da Fagge da shi. Da damina kuwa sai ta juyo daga kudu maso yamma, na Sharaɗa ya shigo birni.

A nan za mu ɗan yi wa kanmu tsiya, mu marubuta. Hausa tana da ƙarni da ƙauri da zarni da gafi da hamami da bashi da ɗoyi, kowanne da muhallinsa, ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya. Amma ka karanta littattafanmu goma, da wuya ka shaƙi wani abu in ba turaren wuta a ɗakin amarya ba, ko na kwalba a jikin Alhaji. Jarumanmu duk 'ya'yan masu kamfani ne, ba mu taɓa leƙa cikin kamfanin ba.

Yadda abin ya watse kuwa, sannu a hankali ne. Farin 1973 ya daki gyaɗa, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Dala ta ɓace. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran da ake sayowa daga waje suka gagari masu masana'antu. Ga rashin wutar lantarki, wanda ya sa warin hayaƙin gas na janareto ya danne na alawa. Daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Ɗaya bayan ɗaya jiniyoyi suka yi shiru, magidantan da muke ganewa da warin rigarsu suka koma achaɓa da gadi da tireda, wasu suka rasu suna bin bashin haƙƙinsu na sallama.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, ƙamshin ne ya riga tafiya. Warin jima ya daɗe bayansa, domin kasuwar fata a Italiya da Sin ba ta mutu ba.

Kwanan baya muka bi ta Bompai da la'asar. Da yawa daga gine-ginen da muka sani sun zama sito na ajiye kayan da aka shigo da su, ƙofa a rufe, maigadi a kan benci. Ta wani lungu muka jiyo tururin shinkafar da ake turarawa a sababbin injinan casa, ta wani kuma ƙaurin tsohuwar roba da ake narkawa a mai da ita buta da leda. Wasu yara uku suka wuce mu da allunansu, ɗaya ya toshe hanci da bakin rigarsa, sauran biyun suna yi masa dariya.