Kayan Yaƙin Boma a Kumasi: Abin da Ƙarfe Ke Faɗi da Abin da Ya Yi Shiru a Kai

Gabatarwa

Idan aka ambaci yaƙin da aka gwabza da Japan tsakanin 1941 da 1945, tunanin mai karatu yakan tafi tsibiran tekun Fasifik, irin su Guadalcanal da Peleliu da Iwo Jima, inda sojojin Amurka da na Japan suka yi ba-ta-kashi. Har yau akwai tankoki da igwogi masu tsatsa a dazuzzukan waɗannan tsibirai, kuma bama-baman da ba su fashe ba suna hallaka mutane a tsibiran Solomon lokaci zuwa lokaci. Sai dai ɗalibin da ke zaune a Aboabo ko Sawaba ko wata unguwa ta Asokore Mampong ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya ga guntun wannan tarihi. A Adum, cikin tsohuwar ganuwar soja ta Kumasi, akwai gidan tarihin sojoji wanda ke ɗauke da makamai da lambobin yabo da hotuna na Yaƙin Duniya na Biyu, har da ganimar da rundunar Gwalkos, wato Gana ta yau, ta kwaso daga Habasha da Boma. Wannan rubutu zai duba yadda ake karanta irin waɗannan kaya a matsayin shaidar tarihi, da kuma inda shaidarsu ke tsayawa.

Yadda Hausa ta isa Boma

Turawan Ingila sun gina ganuwar Kumasi ta yanzu a 1897, kuma a cikinta aka tsare Gwamna Hodgson lokacin yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. An mayar da ita gidan tarihi a farkon shekarun 1950. Sojojin da suka tsare ta tun farko ana kiran su "Hausawa", domin rundunar ta samo asali ne daga dakarun da Kyaftin Glover ya tara a Legas a 1863. Da tafiya ta yi tafiya, akasarin kuratan Gwalkos suka zama Frafra da Gurunsi da Dagomba da Mosi da Zabarmawa, amma Hausa ta ci gaba da zama harshen bariki. Taken rundunar ma da Hausa yake: "Kullum Shiri".

A 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga baya ta 82 ta biyo baya. Bataliyoyi na 5 da 7 da 8 na Gwalkos suna cikin ta 81, na 1 da 2 da 3 kuma suna cikin ta 82, tare da takwarorinsu na Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ta sha wuya a hannun Japanawa a watan Maris na 1944, sannan ta sake komawa a ƙarshen shekarar. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohon babban birnin Arakan wanda ake kira Mrauk-U a yau.

A wannan fage ma akwai hannun Amurka. Birged ta 3, mai bataliyoyi na 6 da 7 da 12 na Nijeriya, an haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate, kuma rukunin jiragen Amurka ƙarƙashin Kanar Philip Cochran ne ya taimaka wajen kai Chindit bayan layin abokan gaba daga ranar 5 ga Maris 1944. A arewacin Boma kuwa, sojojin Amurka da na Sin sun yi wa garin Myitkyina ƙawanya daga Mayu zuwa Agusta na shekarar.

Karanta makamin Japan

Makami rubutu ne ga wanda ya iya karanta shi. Bindigar sojan Japan, Arisaka, iri biyu ce mafi yawa. Samfuri na 38 ya samo lambarsa daga shekara ta 38 ta sarautar Sarki Meiji, wato 1905, kuma faɗin harsashinsa milimita 6.5 ne. Samfuri na 99 yana nuni ga shekara ta 2599 a lissafin daular Japan, wato 1939, harsashinsa kuma milimita 7.7. Kowacce tana cin harsashi biyar, alhali Lee-Enfield da ke kafaɗar sojan Gwalkos tana cin goma.

A saman Arisaka akwai hatimin fure mai ganye 16, alamar cewa bindigar mallakar Sarkin Japan ce. Bayan miƙa wuya a 1945, an kankare wannan hatimi daga bindigogi masu yawa kafin a ba da su. Saboda haka bindigar da hatiminta ke nan daram tana iya zama wadda aka ƙwace a fagen fama, wadda aka kankare kuwa galibi ta zo ne bayan an ajiye makamai. Ɗan tabo a jikin ƙarfe na iya raba ganimar yaƙi da tsarabar bayan yaƙi.

Akwai kuma ƙaramar igwar gurneti, Samfuri na 89, mai baki milimita 50, wadda nauyinta bai kai kilo 5 ba. Ganin gindinta a lanƙwashe ya sa sojojin ƙawance suka zaci a cinya ake ɗora ta, alhali a ƙasa ake kafa ta, kuma ƙarfin bugunta ya isa ya karya ƙashi. Wannan darasi ne ga mai nazari: siffar abu takan yaudari wanda bai san al'adar masu shi ba.

Kayan da suka fi taɓa zuciya ba na ƙarfe ba ne. Sojan Japan yakan tafi da tuta wadda dangi da abokai suka rubuta sunayensu a kai, da ɗamarar senninbari mai ɗinki dubu, wanda a al'ada mata dubu ke sa hannu, kowacce ɗinki guda. Bahaushen da ya san laya da guru ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Kowane ɓangare ya shiga daji ɗauke da addu'ar mutanen gida a jikinsa.

Kayan da suka ci yaƙin

Ganima takan ja ido fiye da kayan aiki, amma a Kaladan kayan aiki ne suka yi tasiri. Ƙasar duwatsu ce da gora da ruwan sama, babu hanyar mota. Da adda da diga da shebur sojojin Runduna ta 81 suka sare hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima, daga jiragen Dakota ƙirar Amurka, har aka san rundunar da cewa tana cikin manyan rundunoni na farko da suka dogara kusan kacokan ga jirgin sama. Idan kaya sun sauka, dubban 'yan dako masu kaki ne ke ɗora su a ka, su hau tudu su gangara kwari, a inda alfadari ma ke tirjewa. Jirgin zamani da gammo suka haɗu suka riƙe runduna guda. Gammon ya ruɓe a dajin Arakan tun tuni, sunan mai shi kuwa da wuya a same shi a jikin wani allo.

Abin da ya rage a harshe

Ga ɗalibin Hausa, akwai wani gidan tarihin da ba shi da ƙofa, shi ne harshen kansa. Kalmomin bindiga da harsashi da albarushi daga Larabci suka zo, tun kafin zuwan Turawa. Soja da bariki da hafsa da kofur da saje da samanja da kurtu da fareti kuwa daga Turanci aka are su, aka sarrafa su bisa tsarin gaɓar Hausa. Barikanci, wato Hausar da hafsoshi Turawa da kuratan da ba Hausawa ba ke yi, fage ne na nazari mai zaman kansa.

Sunayen barikoki ma shaida ne. A Gana akwai Burma Camp a Akra da barikin Myohaung a yankin Takoradi, kuma sojojin ƙasar na tunawa da ranar Myohaung kowane watan Janairu. Barikin Uaddara na Kumasi yana ɗauke da sunan fagen da aka kara da Italiyawa a Habasha a 1941. A Nijeriya akwai barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Dodan a Legas, duk daga yaƙin Boma.

Kammalawa

Kayan tarihi ba su faɗin abin da ya biyo bayan dawowa gida. A ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji sun yi maci a Akra suna neman haƙƙoƙin da aka yi musu alkawari, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai Gana ga samun 'yancin kai a 1957.

Mutanen da suka je Boma sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a zango, kuma a wasu gidaje akwai lambar yabo ko takardar sallama ko hoto a ƙasan akwati. Ɗalibin da ya sami irin wannan, ya rubuta sunan mai shi da lambarsa ta soja da bataliyarsa da garinsu na asali, ya naɗi labarin da iyali suka riƙe da irin Hausar da suka ba da shi. Bindigar da ke Adum za ta faɗi shekarar da aka fito da samfurinta da sarkin da ya mallake ta. Sunan wanda ya ɗauko ta daga Arakan zuwa Kumasi kuwa, a bakin mutanen zango za a neme shi, tun da sauran masu tunawa.