Songkran: Sabuwar shekarar da gwamnati ta kasa kawarwa

Jama'a, duk tsakiyar Afrilu bidiyon mutanen Tailan suna watsa wa juna ruwa a titi yakan cika Facebook, wasu har cewa suke wasan banza ne. Ni dai a ganina akwai tarihi a bayan ruwan nan da ya kamata a sani.

Sunan bikin Songkran, daga kalmar Sanskrit mai nufin ƙaura, wato shigar rana burujin Hamal. Lokacin ne zafi ya fi tsanani a ƙasar, an gama girbin shinkafa, damina ba ta faɗi ba. Nan ne sabuwar shekararsu ta gargajiya take.

A 1889 Sarki Chulalongkorn ya tsayar da 1 ga Afrilu a matsayin farkon shekarar hukuma. Sai Firaminista Phibun Songkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ya mayar da ita 1 ga Janairu daga 1941, don a yi daidai da Turawa. Saboda haka shekarar 2483 ta lissafin addinin Buda, wadda ke gaban lissafin miladiyya da shekara 543, wata tara kacal ta yi!

To, kalandar ofis ta koma Janairu, amma talakawa ba su bi ta ba. Har gobe daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ma'aikata kan fice daga Bankok su nufi garuruwansu. Da sassafe a kai wa sufayen Buda sadakar abinci, a wanke mutum-mutumin Buda da ruwa mai ƙamshi, yara su durƙusa su zuba ruwa a tafin hannun iyaye da kakanni suna neman albarka. Har yashi ake kaiwa wurin ibada a tara shi tsibi-tsibi, wai don a mayar da ƙasar da ƙafafu suka kwashe cikin shekara. Asalin ruwan ke nan: wanke dauɗar bara da girmama na gaba. Ita kanta gwamnati daga baya ta sa 13 ga wata ranar tsofaffi, 14 kuma ranar iyali.

Abin da ke damuna shi ne, abin da doka ba ta iya yi ba, kasuwa tana neman yi. Bindigar ruwa da giya da 'yan yawon buɗe ido sun mamaye manyan tituna, haɗurran mota kuma sun yi yawan da ake kiran makon "kwana bakwai masu haɗari". A Disamban 2023 UNESCO ta sa Songkran cikin al'adun gado na duniya. Madalla, amma takardar shaida ba ta riƙe al'ada. Mai riƙe ta shi ne saurayin da ya bar shagalin birni ya tafi ƙauye ya durƙusa gaban kakarsa da ƙoƙon ruwa.