Wa ke da iko da Dick Tracy? Gardamar da ta fi mai ita tsawon rai

A ranar 4 ga Oktoba, 1931, jaridar Detroit Mirror ta Amurka ta fara buga wani labari cikin zane game da wani ɗan sandan ciki mai faffaɗan haɓa, mai suna Dick Tracy. A cikin watan ne kuma kotu ta sami Al Capone, ubangidan 'yan daban birnin Shikago, da laifin ƙin biyan haraji. Dokar hana sayar da giya da aka kafa a 1920 ta azurta miyagu, jama'a kuwa sun gaji da ganin masu kisa suna fita daga kotu suna murmushi. Mai zanen, Chester Gould, haifaffen jihar Oklahoma a 1900, ya ba su abin da suke ƙishirwa: ɗan sandan da ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma jinkirin harbi.

Sunan da Gould ya fara ba shi na nufin Tracy ɗan sandan farin kaya. Joseph Patterson, mai jaridar New York Daily News, shi ya gajarta shi. Labarin ya buɗe da 'yan fashi sun kashe mahaifin budurwarsa Tess Trueheart, abin da ya sa Tracy shiga aikin. Daga nan har ritayarsa a Disamba 1977, Gould ya shekara 46 yana fitar da labarin kowace rana.

Tun da wuri masu karatu suka nuna cewa ba 'yan kallo ba ne kawai. Gould ya shahara da miyagu masu munin halitta, waɗanda fuskarsu ke bayyana halinsu. Mafi shahara shi ne Flattop, makashin haya mai shafaffen kai, wanda ya bayyana a ƙarshen 1943. Da ya nutse a ruwa ya mutu a 1944, masu karatu suka yi makokinsa a fili kamar ɗan uwa. Gould ya zana shi ne domin a tsane shi, su kuwa suka so shi. A 1947 da aka haifi jaririya Sparkle Plenty a cikin labarin, 'yar tsanarta ta zama hajar da ake rububi a shaguna. Tracy da Tess ma sai a ƙarshen 1949 suka yi aure, bayan shekara 18 ana jira.

Abin da ya riƙe masu karatu da yawa shi ne yadda labarin ke nuna aikin bincike: hoton yatsa, gwajin harsashi, bin sawu. Ko da Gould ya ɗaura wa Tracy rediyon hannu mai kamar agogo a 1946, ba a yi ƙorafi ba, domin na'urar tana taimakon kama ɓarawo ne a titin birni.

Rigima ta taso ne da labarin ya bar titi. A 1962 attajirin cikin labarin, Diet Smith, ya ƙera jirgin da ke tashi da ƙarfin maganaɗisu, a 1964 kuwa sai ga Moon Maid, 'yar sarkin mutanen duniyar wata, mai 'yan ƙahoni a ka. A shekarar ta auri Junior, yaron da Tracy ya ɗauka riƙo, suka kuma haifi 'ya. Masu karatu suka rabu gida biyu. Wasu suka ce an ci amanarsu: idan ɗan sanda na da jirgin zuwa wata, mene ne amfanin bin sawu? Wasu kuma, musamman waɗanda suka fara karatun suna yara a lokacin, suka ce Gould ya bi zamaninsa ne, kamar yadda ya yi a 1931, tunda Amurka da Tarayyar Sobiyet na tseren sararin samaniya. Saukar 'yan sama jannatin Apollo 11 a Yuli 1969 ta nuna babu kowa a wata, Gould ya mai da Tracy ƙasa, amma Moon Maid ta ci gaba da zama surukar gidan.

Akwai kuma saɓani na biyu, wanda ya fi nauyi. Bayan hukuncin Miranda na Kotun Ƙolin Amurka a 1966, wanda ya wajabta wa 'yan sanda sanar da wanda suka kama haƙƙinsa, Gould ya riƙa sa Tracy yana kukan cewa an ɗaure wa doka hannu. Waɗansu suka ga gaskiya ce mai ɗaci, waɗansu suka ga wa'azin siyasa ne aka cusa musu a shafin nishaɗi.

Magajinsa Max Allan Collins, marubucin labaran bincike da ya tashi yana karanta Tracy, ya yanke hukunci a 1978: bam ɗin da aka dasa a mota domin Tracy ya kashe Moon Maid. Wanda ya sa ladan kisan kuwa shi ne Big Boy, tsohon mugun da aka siffanta da Capone. Da mutuwa ɗaya Collins ya rufe ƙofar wata, ya mai da labarin tushensa.

Gould ya rasu a 1985, amma gardamar ba ta bi shi kabari ba. A 2011 Mike Curtis da Joe Staton, su ma tsofaffin masoya labarin, suka karɓi ragama, ba da jimawa ba kuma suka fito da wata mace mai kamannin Moon Maid sak, wadda daga baya ta tabbata 'yar duniya ce da aka sauya wa halitta. Hukuncin Collins ya tsaya, masu kewarta kuma sun sake ganin fuskarta. Abin lura shi ne, a 1978 da kuma bayan 2011, masu karatun jiya ne suka riƙe alƙalamin, kowanne yana gyara abin da ya tsaya masa a rai tun yana yaro.