Daga Wahran Zuwa Teburin Mai Sigari a Garwa

Duk wanda ya taɓa zuwa Yawunde ya ji sunan Bastos, unguwar jakadu da masu hannu da shuni. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa sunan mai sayar da taba ne. Juan Bastos, ɗan asalin Sifen, ya kafa kamfaninsa a Wahran ta ƙasar Aljeriya a 1838, kuma masana'antar da kamfanin ya buɗe a Yawunde zamanin mulkin Faransa ce ta bar wa unguwar suna.

Kamfanonin taba na wancan zamani suna da wata dabara. Kwalin sigari ba shi da ƙwari, sai ake cusa ɗan kati a ciki don kada kara ya karye. Daga baya aka ga ai katin nan fili ne na talla. A Amurka, cikin shekarun 1880, kamfanonin Allen & Ginter da Duke suka shiga buga hotunan 'yan wasan dandali mata a kai, jeri-jeri, ta yadda mai son cika jerin dole ya yi ta sayen kwali. Abin har ya dami dattijo Washington Duke: a 1894 ya rubuta wa ɗansa wasiƙa yana neman a daina saka hotunan rashin kunya. A Aljeriya ma, Bastos da Mélia sun bi wannan sawu da hotunan matan dandalin Faris. Ita 'yar wasa ta sami suna, gaskiya ne, amma ribar kuwa aljihun mai taba ta faɗa.

Mu nan Garwa ba baƙin taba ba ne. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun cusa garinta a baki haɗe da kanwa, mata kuma suna rina haƙora da furenta bayan cin goro. Ba a taɓa bukatar fuskar wata mace kafin a sayar da ita ba. Ƙarfinta ne tallarta. Ko da sigari ya kama kasuwa, cinikinmu na kara-kara ne, kwalin yana hannun mai tebur.

A 2006 Kamaru ta yi dokar da ta hana tallar taba a jaridu da rediyo da talabijin. Tun 2019 kuma hoto ya dawo kan kwalin sigari, wannan karon bisa umarnin hukuma: hoton cutar da taba ke jawowa, wanda ya mamaye kashi 70 cikin ɗari na gaban kwalin da bayansa.