Ruwan Bazaga Ba Ya Bin Kalanda

Kakannina a Bazaga ba su taɓa lissafin ruwan sama da milimita ba. Daga watan bakwai na manoma suke fara duban gabas. Idan an yi ruwa da dare, da safe sai a tona ƙasa da hannu, in laima ta kai zurfin da ake so a ɗauki sungumi a fita shuka. Daga nan lissafinsu ɗaya ne: kwana nawa hatsi ya yi bai sha ba.

Turawan Faransa ne suka kawo ma'aunin ruwa, aka riƙa rubuta abin da ya zuba a tashoshi irin ta Birnin Ƙonni, ana tarawa wata-wata da shekara-shekara. Wannan tarawa kuwa tana ɓoye abu mai yawa. Milimita 90 a watan Yuni na iya zama ruwa shida da suka rarrabu, shuka ta miƙe lafiya. Tana kuma iya zama ruwa biyu a farkon wata, sannan sati uku na rana da iska mai yashi, tsiro ya ƙone, a koma neman iri a sake shuka. A takarda duka 90 ne.

Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Ma'aunin da ya kafu a aikin sa ido kan damina shi ne kwana goma-goma: 1 zuwa 10, 11 zuwa 20, 21 zuwa ƙarshen wata, kashi 36 a shekara. A 1988 wani masanin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, Sivakumar, ya matso kusa da manomi. A wurinsa damina ta kama ne idan an samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma ruwa bai ɗauke sama da kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Da tsofaffinmu sun ji wannan, da sun gyaɗa kai.

Yau kwamfuta na haɗa alƙaluman tashoshi da na tauraron ɗan'adam ta zana taswira mai launi. Amma ko kwana goma na iya raba fari gida biyu, rabi a wannan kashi, rabi a wancan, taswira ta nuna kore alhali gona ta bushe. Roƙona ga masu wannan aiki shi ne su adana lissafin kowace rana, kuma kafin su tara shi su ƙirga kwanakin da ba a yi ruwa ba.