Mafarki da damuwa a tarihin jinyar masu ciwon zuciya

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, likitocin Turai da Amurka sukan kwantar da wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe makonni shida a gado, a shayar da shi da cokali, a hana shi ko juyawa da kansa, ba tare da an kula da tsoron mutuwa da irin wannan kwanciya take cusa masa ba. Samuel Levine da Bernard Lown na Boston ne suka karya al'adar a 1952, inda suka zaunar da marasa lafiya a kujera, jikinsu da hankalinsu kuwa suka fi samun sauƙi.

Bayan John Gibbon ya yi nasara da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu a 1953, tiyatar zuciya ta yawaita, sai wata matsala ta ɓullo: majinyaci yakan farfaɗo lafiya, kwana biyu ko uku kuma ya fara sambatu, yana kasa bambance mafarki da farke. Donald Kornfeld ya danganta wani ɓangare na ruɗewar da ɗakin kulawa ta musamman kansa a 1965, wato fitilar da ba ta mutuwa da ƙarar na'urori da rashin barci. Magani ma yana da nasa hannu, domin propranolol, mai rage saurin bugun zuciya, yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, yakan kuma jawo munanan mafarkai.

An daɗe ana ɗaukar baƙin cikin majinyaci ƙaramin abu, har sai da binciken Nancy Frasure-Smith a Montreal ya nuna a 1993 cewa masu matsananciyar damuwa sun fi mutuwa cikin watanni shida na farko bayan toshewar jijiyar zuciya.