Yadda ake tantance servomota da enkoda na gwangwan kafin saye

Servomota injin lantarki ne da ke juyawa daidai gwargwadon umarnin da aka ba shi, enkoda kuwa ita ce na'urar da ke ƙeyarsa tana ƙirga juyin. Masu harhaɗa injin sassaƙa ƙarfe a gida kan tsince su da araha a kayan gwangwan, sai dai wanda ya saya ido rufe yakan tafka asara.

Ana farawa da farantin bayanin da ke jikin injin. Mai wat 400 da juyi 3000 a minti, ƙarfin murɗawarsa kusan Nm 1.27 ne. Sannan a auna tsakanin wayoyin U, V da W da mita. Idan awon bai zo ɗaya ba, koyil ya samu matsala. Sandar da ta cije ba lallai ta lalace ba, wataƙila birki ne, wanda galibi volt 24 ke sakinsa.

Enkoda ce ke yanke hukunci. Mai siginar A, B da Z tana aiki da na'urorin sarrafawa iri-iri, kuma galibi volt 5 take sha, volt 24 na iya ƙona ta. Yawancin na Fanuc, Yaskawa da Mitsubishi na zamani kuwa na'urar kamfaninsu suke buƙata, don haka a nemo ta kafin a biya kuɗin injin.